Nauyi da Sarrafa Alkibla a Tafiyar Kumbo da Laimar Haske: Nazarin IKAROS da LightSail 2

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta kumbo biyu da suka yi tafiya da turin hasken rana, wato IKAROS na Japan (2010) da LightSail 2 na Amurka (2019). Ta nuna cewa raunin turin ba shi ne babban cikas ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne nauyin da kowane murabba'in mita na laimar ke ɗauka, da yadda ake juya ta.

Gabatarwa

Laimar haske tantani ne siriri mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a sararin samaniya don hasken rana ya buge shi ya tura kumbo, ba tare da an ƙona mai ba. James Clerk Maxwell ya nuna a lissafi a 1873 cewa haske na danna abin da ya sauka a kai, Pyotr Lebedev kuma ya auna hakan a Mosko a wajajen 1900. A nisan da duniya take da rana, madubi marar aibi na samun turin kimanin maikuronyuton 9 kawai a kowane murabba'in mita. Ƙarfin kaɗan ne ƙwarai, amma ba ya yankewa, ga shi kuma babu tankin da zai ƙare.

IKAROS

Hukumar JAXA ta harba IKAROS daga tsibirin Tanegashima a watan Mayun 2010, tare da kumbon Akatsuki mai zuwa Zuhura. Laimar IKAROS murabba'i ce, mita 14 kowane gefe, kaurinta maikuromita 7.5. Ba a sa mata sandunan miƙewa ba. Kumbon ne ke jujjuyawa, nauyin rabin kilo da aka ɗaura a kowace kusurwa yana jan tantanin waje har ya buɗe, juyawar kuma ita ke riƙe shi a miƙe.

Turin da aka auna milinyuton 1.12 ne, kwatankwacin nauyin ƙwayoyin shinkafa huɗu ko biyar a tafin hannu. In aka raba shi da nauyin kumbon, kusan kilo 310, gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 0.3 a daƙiƙa kowace rana.

Inda injiniyoyin suka burge, a ganina, shi ne wajen juya laimar. Sun jera faifan LCD a gefunanta. In an kunna wa faifai wuta yakan mayar da haske kai tsaye, in an kashe sai ya warwatsa shi. Saboda haka gefen da aka kunna yana samun turi fiye da ɗaya gefen, laimar ta karkata sannu a hankali. Da yake kumbon juyawa yake yi, dole kunnawa da kashewa su bi juyin daidai, kowane faifai ya kama aiki ne kawai lokacin da ya iso gefen da ake so. Karkatar nan ita ce tuƙin: in turin ya bi alkiblar tafiya, kumbo ya nisanci rana, in ya saba mata, ya gangara kusa da ita. IKAROS ya wuce ta kusa da Zuhura ranar 8 ga Disamba 2010.

LightSail 2

Ƙungiyar Planetary Society ta harba wannan kumbo ranar 25 ga Yuni 2019 da kuɗin gudummawar jama'a. Laimarsa murabba'in mita 32 ce kawai, amma nauyinsa kilo 5 ne. Wato kowane murabba'in mita na ɗauke da kilo 0.16, alhali na IKAROS na ɗauke da kusan 1.6. Ƙaramar laima ta fi babba hanzari nesa ba kusa ba.

Sai dai kewayen duniya yake yi, a tsayin kusan kilomita 720, don haka tilas ya juya digiri 90 kowane minti 50: ya buɗe fuska in yana nesantar rana, ya ba ta gefe in yana tunkarar ta. Ƙafar juyi guda ce ke wannan aiki, takan kuma kai iyakar gudunta har sai an sauke mata. A kwanakin farko ya ɗaga ƙololuwar kewayensa da kusan kilomita 2, amma ragowar iskar da ke wannan tsayi ta ci gaba da jan sa ƙasa har ya ƙone ranar 17 ga Nuwamba 2022.

Tattaunawa

Kwatancen ya nuna kuskure ne a auna laima da faɗinta kaɗai. A laima mai sanduna, duk ƙarin faɗi na buƙatar sanduna masu tsawo, su kuwa suna ƙara nauyi suna kuma lanƙwashewa da zafi. Wannan ya sa NASA ta harba ACS3 a Afrilun 2024, mai laimar murabba'in mita 80, don gwada sandunan zaren kabon masu tsawon mita 7 da ake naɗewa. Laimar ta buɗe a watan Agusta, sai dai an ga ɗaya daga cikin sandunan huɗu ta ɗan tanƙware. Ya kamata bincike na gaba ya auna yadda irin wannan tanƙwara ke gusar da cibiyar turi daga cibiyar nauyi, domin ko 'yan santimita ne, juyin da za su haifar ba ya tsayawa muddin rana na haska laimar.