Tarihin Baburan Ƙanƙara a Gandun Yellowstone

Gandun dajin Yellowstone, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe a 1872 domin a kiyaye shi kuma jama'a su more shi, bai cika samun baƙi da hunturu ba sai bayan 1963, lokacin da baburan ƙanƙara suka fara shiga cikinsa, wato ƙananan injuna masu sulɓi a kan dusar ƙanƙara da taimakon bel mai juyawa a ƙarƙashinsu. Ba a jima ba hayar waɗannan babura ta zama hanyar cin abincin garuruwan da ke bakin gandun, amma hayaƙinsu ya yi kauri har ma'aikatan ƙofar yamma suka koma sanya na'urar tace numfashi, ƙararsu kuma tana firgita ɓauna a lokacin da ciyawa ta yi wuya.

A 2000 gwamnatin Bill Clinton ta yanke shawarar hana baburan shiga gandun sannu a hankali, gwamnatin George W. Bush ta warware hukuncin, sannan kotunan tarayya biyu suka yanke hukunce-hukunce masu karo da juna. Sulhu bai samu ba sai a 2013, da aka taƙaita baburan zuwa ayari 50 a rana, mafi yawa ƙarƙashin jagora, da sharaɗin injuna marasa yawan hayaƙi da ƙara. Wannan tsari ya bar wa mazauna yankin sana'arsu, ya kuma rage wa namun dajin wahalar hunturu.