Ina Tolkien ya samo zobensa?

A 1785 aka tsinci wani zoben zinari a gona kusa da Silchester, a kudancin Ingila. Na zamanin Rumawa ne, nauyinsa giram 12, kuma an zana masa sunan Senicianus. Daga baya, a Lydney, fiye da kilomita 100 daga wurin, aka tono wani ɗan allon darma a kangon haikalin gunkin da ake kira Nodens. Wani Silvianus ne ya rubuta cewa zobensa ya ɓata, yana roƙon gunkin ya hana Senicianus lafiya har sai an mayar da shi. Ga zobe, ga wanda ake zargi, ga tsinuwa. Sai kuma a ƙara da cewa Mortimer Wheeler, wanda ya yi tono a Lydney a 1928 da 1929, ya nemi J.R.R. Tolkien, malamin tsohon Turanci a Oxford, ya binciko masa asalin sunan Nodens, aka buga bayanin a 1932. Shi ke nan, in ji wasu, an gano mafarin zoben The Lord of the Rings. Har baje kolin zoben aka yi a gidan The Vyne a 2013 bisa wannan zato.

Labarin da daɗi, amma shekarun ba su goya masa baya ba. A bugun farko na The Hobbit, na 1937, zoben layar zana ce kawai: ka sa, ka ɓace wa gani. Ba rubutu a jikinsa, ba la'ana. Gollum, mai zoben, ma da kansa ya yi alkawarin ba Bilbo, jarumin labarin, shi kyauta idan ya ci gasar kacici-kacici. Sai a bugun 1951 aka ga Tolkien ya sake wannan babi, ya mayar da Gollum mai kukan an yi masa sata. In da allon Lydney ne ya ɗarsa masa tunanin tun 1929, me ya hana tsinuwar fitowa a 1937? Bayaninsa na 1932 kuwa a kan suna ya tsaya. Ya danganta Nodens da Nuada Mai Hannun Azurfa na tatsuniyoyin Ailan, kuma a nan ne nake ganin sawu na gaske, domin sunan Celebrimbor, maƙerin zobban Elf, yana nufin hannun azurfa. To amma wannan maƙeri ya ba mu, bai ba mu zoben ba.

Wasu sun nufi mawaƙin nan Wagner, wanda zoben cikin labarinsa ke ba mai shi mulkin duniya. Tolkien ya yi fatali da wannan a wasiƙar 1961, yana cewa da'ira ce kaɗai ta haɗa zobban biyu. Musun marubuci ba hujja ba ce, musamman mai jin haushin mai fassara littafinsa zuwa harshen Suwidin, wanda shi ya kawo kwatancen, kamar yadda yake ji a lokacin. Sai dai rijiya ɗaya suka sha: zoben Andvari la'ananne na tsoffin waƙoƙin Nos, waɗanda Tolkien ya karantar, har ya sake tsara su a baitoci da aka buga a 2009. Da wuya a tantance abin da ya ɗebo daga tushe da abin da ya biyo ta hannun Wagner. Zoben Gyges na Aflatun ya dace da ɓacewa da lalacewar hali, amma kusan duk ɗan bokon zamaninsa ya san shi, don haka bai nuna komai ba.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin daftarorin da ɗansa Christopher ya buga a 1988. A ciki ana ganin Tolkien a 1938 yana laluben abin da zai ƙulla sabon littafin, The Lord of the Rings, da The Hobbit, yana yi wa kansa tambaya a rubuce kan asalin zoben, kafin a hankali ya zama na Sauron, babban mugun labarin. Takardun sun nuna lokacin da zoben ya rikiɗe. Ba su faɗi abin da ke kan teburinsa a watannin ba.