Mai Kantin Kayan Ƙarfe da Magogin Kafinta a Amurka ta Ƙarni na 19

Yawancin magogan katako da aka yi a Amurka a ƙarni na 19 suna ɗauke da hatimi a goshi, suna da gari, an buga su da ƙarfe a jikin itacen. Masu tara tsofaffin kayan aiki sun daɗe da gano cewa ba duka sunayen nan ba ne na waɗanda suka sassaƙa magogan. Da dama na masu kantin kayan ƙarfe ne, waɗanda suka saro kayan daga masana'anta suka sa aka buga musu nasu sunan. A wancan zamani ba a ɗauki wannan a matsayin zamba ba. Kafinta bai san ma'aikacin da ke can wata jiha ba, amma ya san mai kanti, kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan kaya ya ba shi kunya.

Kafin a fahimci aikin mai kantin sai an san kayan da yake sayarwa. Magogin wancan lokaci gungumen itace ne mai tauri, galibi na bishiyar bich, an huda shi an zura ƙarfe mai kaifi, an danne da 'yar tsinkar itace. Akwai na rage kauri, da dogo na miƙar da gefe, da gajere na sumulcewa. Sai kuma na ado, inda yawan yake. Kowane zanen da ake gani a gefen ƙofa ko taga yana da nasa magogi, kuma cikakken jerin masu kwarmi da masu tudu kaɗai guda 36 ne. Babban kafinta kan tara gommai a akwatinsa. Tun a ƙarni na 18 akwai masu wannan sana'a a Massachusetts, irin su Francis Nicholson na garin Wrentham da Cesar Chelor, baƙar fatar da ya yi bauta a hannunsa har wasiyyar Nicholson ta 'yanta shi a 1753, ya ci gaba da sana'ar da sunan kansa. A zamaninsu mai yi shi ne mai sayarwa.

Abin da ya raba biyun shi ne faɗin ƙasa. Da aka buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, jama'a suka kwarara yamma, garuruwa suka yi ta tsirowa, yawancin gidaje kuma na katako ne. Masassaƙi ɗaya da yaransa biyu ba za su iya ciyar da wannan kasuwa ba, balle su bi ta da ƙafa. Nan ɗan kasuwa ya shiga tsakani.

Hanyar shiga sana'ar kusan ɗaya ce ga kowa. Yaro ya fara da shara da kunna murhu da kwance ganguna, ya koyi girman ƙusoshi, ya bambanta sakata da kwaɗo, ya san zarton da zai jure da wanda zai lanƙwashe. Erastus Corning, wanda daga baya ya zama magajin garin Albany kuma shugaban farko na kamfanin jirgin ƙasa na New York Central a 1853, yana ɗan shekara 13 ya fara a kantin kayan ƙarfe na kawunsa a Troy. Ba kowa ya kai inda ya kai ba, amma makarantar ɗaya ce. Bayan kanta sai tebur. Rabin aikin mai kanti rubutu ne, wasiƙu zuwa Sheffield da Birmingham a Ingila, inda ƙarfe mai kyau yake fitowa, da lissafin kuɗin fito, da littafin bashi. Jikin magogi na iya zama na Amurka, amma bakinsa sau da yawa hatimin maƙeran Sheffield yake ɗauke da shi, irin su Butcher. Dole mai kanti ya yi odar kaya watanni kafin buƙata, ya kuma cika rumbunsa kafin hunturu ya daskarar da mashigan ruwa. Masu saye kuwa ba kullum suke da tsabar kuɗi ba. Kafinta ya ɗauki kaya sai an biya shi kwangila, manomi sai kaka. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a Kantin Kwari ya san irin wannan zaman: jarinka yana hannun mutane, naka shi ne haƙuri da sanin wanda za ka yarda da shi. Rikicin kuɗi irin na 1837 da na 1857 ya durƙusar da 'yan kasuwa masu yawa ta wannan ƙofa.

Magogi kuma kaya ne mai son kulawa. Danshi na kumbura itacen, bushewa na tsaga shi, tsatsa na cin ƙarfen. Kafinta ba ya saye sai ya ɗaga shi ya hangi ƙasansa da ido ɗaya, ya ga ko ya karkace. Mai kantin da bai iya amsa tambayar irin wannan mutum ba, ba zai ga ƙafarsa karo na biyu ba.

Akwai ɓangaren tarihin nan da bai kamata a rufe ba. Arahar da ta sa magogi ya isa hannun kowa, wani sashenta daga gidan yari ya fito. A kurkukun Auburn na jihar New York, 'yan kwangila sun riƙa biyan hukuma kuɗi kaɗan su sa fursunoni sassaƙa magogai, kuma daga wannan tsari kamfanin Auburn Tool ya taso. Kamfanin Ohio Tool, da aka kafa a Columbus a 1851, shi ma ya yi amfani da fursunonin jihar. Masu sana'ar hannu sun yi ta kuka cewa ba su da yadda za su yi gogayya da wanda ba a biyansa ladan guminsa, kuma gaskiyarsu ce. Mai kanti ya ci ribar wannan araha, kafinta ma ya ci. A ganina, duk wanda zai yabi hazaƙar 'yan kasuwar nan, adalci ne ya ambaci hannuwan da ba a buga sunansu a ko'ina ba.

Wanda ya kai sana'ar kantin kayan ƙarfe ƙololuwa shi ne Edward C. Simmons. An haife shi a 1839 a Frederick ta jihar Maryland, ya tashi a St. Louis, bakin kogin Mississippi, garin da matafiya yamma ke yin guzuri. Ya shiga gidan sarin kayan ƙarfe yana matashi, ya hau mataki-mataki har ya zama abokin tarayya, kuma a 1874 aka yi rajistar Simmons Hardware Company. Bai tsaya jiran masu saye ba. Ya baza wakilai a jiragen ƙasa da kekunan doki suna bin ƙananan kantuna, ya buga ƙaton kundin kaya mai hotuna, yadda mai kanti a ƙauye zai nuna abu da yatsa a aiko masa. Ya kuma ɗauki tsohuwar al'adar buga suna ya mayar da ita tambarin kasuwanci. Keen Kutter, wanda ya fara da gatari, ya bazu zuwa wuƙaƙe da zartuna, daga baya har da magogan da wasu masana'antu ke ƙera masa.

Sai dai a daidai lokacin kayan da kansa yana canzawa. Leonard Bailey, wani mai aikin katako a Boston, ya yi rajistar dabarun magogi na ƙarfe wanda ake daidaita bakinsa da murɗa dunƙule maimakon bugun guduma. Kamfanin Stanley Rule and Level na New Britain ya sayi haƙƙinsa a 1869. Sun ɓata daga baya, Bailey ya fita ya yi nasa mai suna Victor, amma a 1884 wannan ma ya koma hannun Stanley. A shekarar ne kuma Stanley ya fito da lamba 45, magogi ɗaya mai baki iri-iri da ke aikin da dā sai an cika akwati. Injinan tururi su ma sun karɓe aikin ado, ana sayar da katako da zanensa a shirye. Kafinta ya daina tambayar mai kanti wanne ya fi, ya koma cewa a ba shi lamba 4 ko lamba 5. Sanin itace da ya ɗauki mai kanti shekaru yana tarawa ya rage daraja, aikinsa ya koma ajiye kaya da bayar da bashi.

Manyan masana'antun magogin itace suka bi juna suna rufewa. Ohio Tool, wanda ya haɗe da Auburn a 1893, ya daina aiki a 1920, shekarar da Simmons ya rasu. Kamfaninsa ya faɗa hannun abokin hamayyarsa na St. Louis, Shapleigh, a 1940. Fasalin Bailey kuwa ya tsallaka teku. Kamfanin Record ya fara ƙera irinsa a Sheffield a farkon shekarun 1930, Stanley ma ya kafa reshe a garin, kuma daga Ingila irin wannan magogi ya bazu zuwa ƙasashen da take mulka. Wanda kafintan Kano ko Zariya ke turawa a kan katako a yau, ko daga Indiya aka kawo shi ko daga Sin, galibi a kan wannan fasali aka zuba shi, da lambobin girma iri ɗaya.