Ƙungiyar Wa Ce? Muhawarar Magoya Bayan Manchester United a Kan Wasa, Albashi da Mallaka

Musun magoya bayan ƙwallon ƙafa hawa-hawa ne, kuma daga ƙasa yake farawa. Da an tashi wasa, zancen farko na ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga ne, ko alƙalin da ya hana fenariti. In rashin nasara ya yi ta maimaituwa, sai a koma kan koci da 'yan wasan da yake zubawa. In aka sallami kocin abin bai gyaru ba, sai a fara tambayar wa ya sayo waɗannan 'yan wasa, nawa aka sayo su, nawa suke ɗauka a mako. Daga nan ba a daɗewa zance yake isa ga masu ƙungiyar. A Ingila babu inda wannan hawa ya fito fili kamar a Manchester United, inda magoya baya suka shafe shekara 20 suna jayayya da iyalan Glazer na Amurka. Abin da tarihin ƙungiyar yake nunawa shi ne, matakin ƙarshe na musun ne yake juya sauran, ko da yake shi ne aka fi jinkirin isa gare shi.

Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ƙungiyar a 1878 da sunan Newton Heath, aka sauya mata suna zuwa Manchester United a 1902. A 1991 ta shiga kasuwar hannun jari ta Landan, wato tun daga ranar duk mai kuɗi yana iya sayen wani yanki nata. Barazanar farko ta zo a 1998, lokacin da kamfanin talabijin na BSkyB, wanda Rupert Murdoch ke da babban hannu a ciki, ya taya ƙungiyar fam miliyan 623. Magoya baya masu ƙananan hannun jari suka haɗa kai suka kai kuka gaban hukuma, gwamnati kuma ta hana cinikin a 1999. Wannan nasara ta sa da yawansu suka ɗauka cewa murya kaɗai ta isa ta tare mai saye. Shekara shida bayan haka suka ga iyakarta.

A 2005 Malcolm Glazer, mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, ya saye United a kan kimanin fam miliyan 790. Yadda ya biya kuɗin shi ne tushen rigimar har yau. Akasarin kuɗin ranto su ya yi, ya jinginar da kadarorin ƙungiyar da yake saye, sannan aka ɗora mata biyan bashin. Ƙungiyar da ba a bin ta bashi ta wayi gari ana bin ta sama da fam miliyan 500, tana biyan kuɗin ruwa duk shekara daga abin da take samu na tikiti da talabijin da tallace-tallace. Dokar kasuwanci ba ta hana haka ba. Amma a idon mai zuwa Old Trafford, filin wasan United, ma'anar abin ita ce da kuɗin tikitinsa wani ya sayi ƙungiyarsa. Masu nazarin kuɗin ƙwallo sun ƙiyasta cewa abin da ya fita daga asusun United ta hanyar kuɗin ruwa da hidimar bashi da rabon riba ya haura fam biliyan 1. A 2012 aka sa wani kaso na hannun jarin a kasuwar New York, amma aka raba shi gida biyu: wanda ake sayar wa jama'a yana da ƙuri'a ɗaya, wanda ke hannun iyalan Glazer yana da ƙuri'a 10. Kowa na iya zuba kuɗinsa, amma iko bai motsa daga inda yake ba.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman, a littafinsa na 1970 mai suna Exit, Voice, and Loyalty, ya nuna cewa wanda bai gamsu da kamfani ko ƙungiya ba yana da hanya biyu, ko ya fice ko ya ɗaga murya. Mai sayen kaya a kasuwa ficewa yake yi, ya koma wani shago, kuma tsoron hakan ne yake sa mai shago ya gyara. Mai goyon bayan ƙwallo ba shi da wannan hanya. Wanda ya gaji United daga mahaifinsa ba zai koma Manchester City ko Liverpool don an tsauwala masa kuɗin tikiti ba, kuma masu ƙungiyar sun san haka sarai. Biyayyar da ta ba ƙungiyar darajarta a kasuwa ita ce kuma ta raunana mai biyayyar. Abin da ya rage masa murya ce, shi ya sa musun magoya baya yake da zafi fiye da ƙorafin kowane irin mai saye.

Wasu ƙalilan sun gwada ficewar. A shekarar da aka yi cinikin suka kafa FC United of Manchester, ƙungiyar da kowane mamba yake da ƙuri'a ɗaya komai yawan abin da ya bayar, suka fara daga can ƙasan matakan gasar Ingila, har suka buɗe filinsu na Broadhurst Park a 2015. Mafi yawa kuwa sun zauna suka ɗaga murya. A 2010 suka riƙa shiga fili da mayafin wuya mai launin kore da ruwan gwal, launin Newton Heath na asali, alamar cewa ƙungiyar ta girmi masu riƙe da ita.

Sai dai a shekarun farko muryar ba ta yi nisa ba, domin ana cin kofi. A ƙarƙashin Alex Ferguson United ta ɗauki gasar Firimiya sau biyar tsakanin 2007 da 2013, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2008. Wanda ya kawo zancen bashi a lokacin, amsa ɗaya ake ba shi, ya dubi teburi. Wannan shi ne raunin muhawarar magoya baya a ko'ina: sakamakon ranar Asabar yana rufe abin da ke cikin littafin lissafi. Sai da Ferguson ya yi ritaya a 2013, aka yi ta sauya masu horarwa daga David Moyes zuwa Louis van Gaal zuwa José Mourinho zuwa Ole Gunnar Solskjær ba tare da an sake ɗaukar gasar ba, sannan jama'a suka fara duban sama da koci.

Batun sayen 'yan wasa shi ne inda musun ya fi armashi, kuma inda aka fi yin kuskure. Masu kare iyalan Glazer suna cewa ba a yi rowa ba, kuma alƙaluma suna bayansu: tun 2013 ƙungiyar ta kashe sama da fam biliyan 1 a kasuwar 'yan wasa. Paul Pogba, wanda ya bar United ya tafi Juventus a 2012 bayan ƙarewar kwantiraginsa, an dawo da shi a 2016 a kan fam miliyan 89, farashi mafi tsada a duniya a lokacin, ya sake tafiya a 2022 ba a karɓi ko sisi ba. An sayi Harry Maguire fam miliyan 80 a 2019, Jadon Sancho fam miliyan 73 a 2021, Antony sama da fam miliyan 80 a 2022. Masu suka suna da amsa biyu. Ta farko, kuɗin ba daga aljihun masu ƙungiya suka fito ba, ƙungiyar ce ta samo abinta. Ta biyu ta fi nauyi: wa ke yanke shawarar wanda za a saya? Mutumin da ya jagoranci gudanarwa daga 2013, Ed Woodward, ma'aikacin banki ne da ya taimaka wajen shirya cinikin 2005, kuma ƙungiyar ba ta naɗa daraktan harkokin ƙwallo ba sai a 2021, alhali takwarorinta sun daɗe da irin wannan muƙami. Idan aka bi kowane ciniki mara kyau zuwa tushensa, ana tarar da tsarin gudanarwa, kuma masu ƙungiya ne suke shimfiɗa shi.

Albashi ya fi kuɗin saye faɗin gaskiya game da ƙungiya, ko da yake bai kai shi jan hankali ba. Har zuwa 1961 akwai iyakar fam 20 a mako da ɗan wasa zai iya karɓa a Ingila, kafin ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta sa aka soke ta. Hukuncin Bosman na kotun Tarayyar Turai a 1995 ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta, kuɗin talabijin kuma suka yi ta ninkawa har suka haura fam biliyan 5 a yarjejeniyar cikin gida ta 2016 zuwa 2019. Binciken Stefan Szymanski, wanda ya yaɗu ta littafin Soccernomics da suka rubuta da Simon Kuper, ya nuna cewa a tsawon shekaru matsayin ƙungiya a teburi yana bin yawan albashin da take biya sau da ƙafa. Da wannan ma'auni United ta zama abin nazari, domin tana cikin masu biyan albashi mafi tsoka a Ingila amma ta ƙare a mataki na 15 a kakar 2024 zuwa 2025. Alexis Sánchez, da aka ɗauko daga Arsenal a Janairun 2018 aka ba shi ɗaya daga cikin albashi mafi girma a gasar, ƙwallo 5 ya ci a wasa 45. Illar irin wannan kwantiragi ba ta tsaya a kansa ba. Sauran 'yan wasa suna auna nasu da shi, kuma wanda aka ba albashin da babu mai iya biya ba ya sayuwa. Magoya baya sukan huce haushinsu a kan ɗan wasan, suna cewa ba ya kishin rigar, alhali shi abin da aka miƙa masa ya sa wa hannu.

A Afrilun 2021 musun ya bar fatar baki. Ƙungiyoyi 12 na Turai, shida daga cikinsu na Ingila, suka sanar da gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba komai lalacewar wasansu. Joel Glazer yana cikin mataimakan shugabanta. Cikin kwana biyu shirin ya ruguje saboda boren magoya baya da matsin lambar gwamnati. Ranar 2 ga Mayu masu zanga-zanga suka kutsa cikin Old Trafford, dole aka ɗage wasa da Liverpool. Filin kansa ya zama hujja a hannunsu: rabonsa da babban gyara tun 2006, rufinsa yana yoyo a kan masu kallo, kuma ba a zaɓe shi cikin filayen gasar Turai ta 2028 ba, aka ɗauki na Manchester City.

Da iyalan Glazer suka bayyana a Nuwamban 2022 cewa za su saurari masu taye, sai wata ɓaraka ta bayyana tsakanin magoya bayan su kansu. Wasu suna son Sheikh Jassim bin Hamad Al Thani na Qatar, wanda ya yi alƙawarin saye gaba ɗaya da share bashi. Wasu suna son Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ɗan yankin Manchester. Ɓarakar ta taɓa wani bambanci da ba a cika son faɗa ba. Mai kallon United a gidan kallo a Kano ko Maraɗi mai goyon baya ne na gaskiya, kuma kuɗin talabijin na ƙetare da irinsa suke jawowa suna cikin abin da ke biyan albashin 'yan wasa. Amma tsadar tikiti da yoyon rufi ba su shafe shi ba, abin da ke gabansa a ci wasa a sayo gwanaye. Mai tikitin shekara a Manchester yana son nasara shi ma, amma yana son ya iya kai ɗansa fili. Babu wanda ya fi wani iko da ƙungiyar a cikinsu, sai dai bukatunsu ba ɗaya ba ne, kuma masu ƙungiya sun iya amfani da wannan.

Neman mai gida da ya fi arziki ba ya warware matsalar, sauya wanda za a dogara da shi kawai yake yi. Chelsea ta ci moriyar dukiyar Roman Abramovich daga 2003, amma da gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi a 2022 bayan mamayar Rasha a Yukiren, an hana ƙungiyar sayar da sabon tikiti na wani lokaci saboda abin da babu ruwan magoya bayanta a ciki. A United ma darasin bai yi jinkiri ba. Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin 100 a farkon 2024 ya karɓi ragamar harkokin ƙwallo, iyalan Glazer suka ci gaba da riƙe rinjaye. A shekarar aka sallami ma'aikata kusan 250, aka mayar da tikitin wasannin da suka rage fam 66 ba ragi ga yara ko tsofaffi. Waɗanda suka yi masa maraba suka koma ɗaga kwalaye a kansa.

Akwai tsarin da ya ɗauki tambayar da muhimmanci. A Jamus dokar 50+1 ta tanadi cewa mambobin ƙungiya su riƙe rinjayen ƙuri'a ko da 'yan kasuwa sun zuba jari, in ban da wasu 'yan ƙungiyoyi da aka keɓe irin su Bayer Leverkusen da Wolfsburg. Ingila ba ta bi wannan hanya ba. Bayan korar ƙungiyar Bury daga gasa a 2019 da rikicin Super League, kwamitin da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta ya ba da shawarar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta kula da harkar ƙwallo, aka kuma zartar da dokar kafa ta a 2025. Hukumar za ta ba ƙungiyoyi lasisi, ta tantance masu saye da inda kuɗinsu suka fito, ta tilasta tuntuɓar magoya baya kafin a taɓa tambari ko launin riga ko a bar filin wasa. Ba ta ba su hannun jari ba, ba ta kuma ba su kujerar yanke hukunci ba. Gasar Firimiya a nata ɓangaren ta taƙaita a 2023 yawan bashin da mai saye zai iya ɗora wa ƙungiya zuwa kashi 65 cikin 100 na darajarta. Ƙa'idar ta shafi cinikin gaba ne kawai, saboda haka bashin da ya samo asali daga 2005, wanda ya tsaya a dala miliyan 650 a lissafin ƙungiyar na 2024, yana nan a kan United tana biyan ruwansa.