Audi Quattro: Motar Ƙawa Da Ta Ɗauki Darasi Daga Motar Soja

Duk wanda muka yi aji huɗu tare zai tuna ranar da babbar motar makaranta ta kafe da mu a cikin taɓo, muna dawowa daga wasan ƙwallo da damina. Direba ya yi ta taka totur, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya suna watsa mana laka, har sai da wata tsohuwar Land Rover ta zo ta jawo mu. Washegari malaminmu na kimiyya, Allah ya jiƙansa, ya ajiye darasin da ya shirya ya tambaye mu: tsakanin motarmu da wadda ta cece ta, wacce ta fi ƙarfin inji? Muka ce tamu. Ya ce to ku sani, ƙarfin da bai kai ƙasa ba ɓarnar mai ne kawai. Wannan magana ce ta sa na zaɓi in kawo mana tarihin wata motar Jamus mai ƙofa biyu, Audi Quattro, domin asalinta ya yi kama da abin da ya same mu.

A hunturun farkon shekarar 1977, injiniyoyin kamfanin Audi na garin Ingolstadt sun tafi arewacin Turai don gwada motocinsu a kan dusar ƙanƙara. Cikin ayarin akwai wata ƙaramar motar soja, Volkswagen Iltis, mai ƙarfin dawakai 75 kacal, amma mai ja da tayoyi huɗu. Wani injiniya mai suna Jörg Bensinger ya lura cewa a miƙaƙƙiyar hanya manyan motocin suna wuce ta, amma da an shiga kwana ko santsi sai ta bar su baya. Da ya koma gida ya kai wa shugabansa Ferdinand Piëch, jikan Ferdinand Porsche, shawarar a sa irin wannan tsari a motar gudu ta kan kwalta.

A wancan zamani ja da taya huɗu abin motocin daji ne da na soja. Turawan Ingila sun taɓa gwadawa da Jensen FF a 1966, amma ƙwaya ɗari uku da 'yan kai kawai aka ƙera. Matsalar kuwa ita ce: idan mota ta sha kwana, tayoyin gaba suna cin tazara fiye da na baya. In aka ɗaure su da ƙarfe ɗaya, to a kan yashi ba komai, tayar za ta ɗan zame; amma a kan kwalta ƙarafan za su yi ta murɗuwa har wani abu ya karye. Shi ya sa direbobin Land Rover na da ba sa sa giyar taya huɗu sai sun sauka daga kwalta. Maganin shi ne a sa na'urar raba juyi a tsakiya, irin wadda ke tsakanin tayoyin baya biyu, sai dai wannan yakan buƙaci ƙarin akwatin giya mai nauyi, wanda ke ɗaga mota sama.

Nan ne Jamusawan suka yi dabara. Suka huda ɗaya daga cikin sandunan akwatin giya ya zama kamar bututu. Ƙarfin inji yana bi ta jikin bututun zuwa na'urar rabo da ke bayan akwatin. Daga can rabi ya wuce tayoyin baya ta furofela, rabi kuma ya dawo tayoyin gaba ta wata sanda da ke juyawa a cikin bututun. Ba ƙarin akwati, ba nauyi mai yawa, motar kuma ta zauna ƙasa-ƙasa kamar kowace motar gudu. In direba ya shiga santsi mai tsanani, yana iya kulle na'urar tsakiya da ta baya daga inda yake zaune.

An nuna motar a bikin baje kolin motoci na Jeniba a watan Maris 1980. Sunan Quattro a harshen Italiya yana nufin huɗu. Injinta mai silinda biyar ne, girman cc 2,144, da na'urar da ke amfani da hayaƙin salansa ta cusa masa ƙarin iska, wadda ake kira turbo. Ƙarfinsa dawakai 200. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 7.1, ƙarshen gudunta kuwa wajen kilomita 220. Kuɗinta a Jamus Mark 49,900, wato ba motar talaka ba ce. Daga baya aka ƙara mata birkin da ba ya kulle taya, da allon gaban direba mai nuna gudu da lambobi maimakon allura. A 1987 aka sa mata na'urar rabo ta Torsen, wadda da kanta take tura ƙarfi ga ɓangaren da ya fi kama ƙasa. A 1989 aka ba injin bawul 20, ƙarfinsa ya kai dawakai 220. Lokacin da aka daina ƙera ta a 1991, an yi guda 11,452.

Amma inda ta yi suna shi ne gasar tseren motoci ta duniya, wadda ake yi a hanyoyin daji da tsaunuka. A 1981 Hannu Mikkola ɗan ƙasar Finlan ya ci gasar Suwidin da ita. A wannan shekarar kuma wata Bafaranshiya, Michèle Mouton, ta ci gasar Sanremo a Italiya, ta zama mace ta farko da ta ci zagaye a gasar duniya. A 1982 ta ci Fotugal da Girka da Barazil, saura ƙiris ta zama zakaran duniya. A nan Afirka ta Yamma aka yi ta ta ƙare, a gasar Kwaddibuwa: ta shiga tseren da labarin rasuwar mahaifinta, ta daɗe tana kan gaba, sannan motar ta kife kusa da ƙarshe, Walter Röhrl ya lashe kambin da Opel mai ja da taya biyu. Duk da haka Audi ta ci kofin kamfanoni a 1982 da 1984, Mikkola ya zama zakara a 1983, Stig Blomqvist kuma a 1984, shi ma a Kwaddibuwa ya tabbatar da nasa.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sauran kamfanoni suka koma ja da taya huɗu. Peugeot, wadda muke kira Fijo, kuma muka san 504 ɗinta da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta fito da 205 T16 mai inji a tsakiya. Quattro kuwa injinta ya yi gaba da yawa, yana sa ta taurin kai a kwana. Audi ta gajarta tazarar tayoyinta da santimita 32, ta fitar da Sport Quattro mai dawakai 306, amma Peugeot ce ta ci 1985 da 1986.

Sai dai gasar ƙarfi ta wuce gona da iri. A watan Maris 1986 wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal, aka yi asarar rayuka, Audi ta janye daga wannan rukuni na tsere. A watan Mayu Henri Toivonen da mai karanta masa hanya, Sergio Cresto, suka ƙone a cikin Lancia a tsibirin Kosika. Hukumar gasar ta soke rukunin daga ƙarshen shekarar. A 1987 Mikkola ya ci gasar Safari ta Kenya da Audi 200 quattro, karo na farko da mota mai ja da taya huɗu ta ci wannan gasa.

Abin da nake so mu riƙe, musamman mu da Allah ya hore wa irin waɗannan motoci a yau, shi ne: ja da taya huɗu yana taimakon mota wajen tashi da riƙe hanya, amma ba ya rage tazarar birki. Kowace mota da taya huɗu take tsayawa. Sau da yawa mai irin wannan mota ba ya jin santsin hanya sai lokacin da ya taka birki, a sannan kuwa bakin alƙalami ya bushe. Na taɓa shiga wannan hali da ruwan sama, Allah ne ya kiyaye, kuma a ranar na sake tuna malaminmu.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya kare mu a hanyoyinmu, ya sada mu a taro na gaba lafiya. Amin.