Daga Tayar Nesa Zuwa ta Kusa: Tarihin Cire Iska daga Birki a Garejojin Argungu

Kanikanci ba ya cikin tsofaffin sana'o'in Kabawa irin kamun kifi da ƙira da noman shinkafar fadama, amma ya yi saurin kafuwa a kwarin Gulbin Kabi saboda layin dogo bai taɓa isowa wannan yanki ba. Reshen da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya tsaya ne a Ƙauran Namoda a 1929, don haka kayan da za su fita daga Argungu da Birnin Kebbi, shinkafa ce ko busasshen kifi ko fata, in ba a bayan jaki ko cikin kwalekwale ba, to sai a mota. Inda mota ta ɗauki irin wannan nauyi, dole a sami masu gyaranta, kuma cikin abubuwan da waɗannan makanikai suka riƙa miƙa wa yaransu da baki, ba tare da littafi ba, akwai tsarin da ake bi wajen cire iska daga birki.

Birkin ƙananan motoci da mai yake aiki, dabarar da ta fara bayyana a motocin sayarwa a Amurka a 1921, a motar Duesenberg. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura mai ne daga wata 'yar tukunya da makanikai ke kira masta, man ya bi ta siraran bututai zuwa tayoyi huɗu, ya matse abin da ke kama taya. Sirrin abin shi ne mai ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka sa masa sai ya isar da shi, alhali iska tana matsuwa kamar soso, ta yadda ƙwayar kumfa kaɗan a cikin bututu ta isa ta sa birki ya yi laushi, ƙafa ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Yanayin Argungu kuwa yana ƙara yawan wannan matsala, domin man birki yana shan danshi daga iska, kuma man da ake kira DOT 3, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, yana iya tafasa a wajen digiri 140 idan ya sha ruwa. Motar da ta yi damina tana ratsa hanyoyin fadama, sannan ta shiga zafin bazara da lodin buhunan shinkafa, tana iya haifar da tururi a cikin bututunta ko da ba a kwance komai ba.

Aikin na mutum biyu ne, shi ya sa ya zama cikin darussan farko da yaron gareji ke koya. Yaro yana zama a kujerar direba, maigida kuma yana kwance a kan kwali a gefen taya, riƙe da ƙaramar sifana mai lamba 8 ko 10, ya ɗaura siririn tiyo a kan wani ɗan noti mai huda, ya zura ɗaya bakin cikin tsohuwar gorar ruwa. Zai ce a taka, yaro ya taka sau uku ko huɗu. Ya ce a riƙe, sai ya sassauta notin, mai ya feso da kumfa, ƙafar yaro ta nutse. Sai ya ɗaure notin tukuna ya ce a saki. Idan yaro ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iskar da aka kora ta koma ciki, haka kuma idan aka bar tukunyar masta ta bushe ba a ƙara mai ba, sai a sake aikin tun daga farko.

Ƙa'idar da aka gada ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta, a ƙare da wadda ta fi kusa, domin bututu mafi tsawo shi ya fi ɓoye iska. A nan ne tarihin ƙasa ya shiga cikin aikin hannu. Kafin 1972 Najeriya tana tuƙi a hannun hagu kamar Ingila, kuma motocin da suka fi yawa a wancan zamani, irin su Land Rover ta jami'an gwamnati da En'e, sitiyarinsu a dama yake, masta ma tana gaban direba a dama, saboda haka tayar baya ta hagu ce ta nesa. A ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka yi canjin hannu, aka koma tuƙi a dama kamar maƙwabta irin Nijar da Dahomey, sitiyari ya koma hagu, masta ta bi shi, tsarin ya juye ya zama baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Wannan ya nuna cewa abin da ya cancanci a haddace ba jerin tayoyin ba ne, dalilin jerin ne, domin bakaniken da ya san dalili canjin bai ruɗe shi ba.

Kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 shi ya kafa sabon jerin a kawunan makanikai, domin fijo 504 ta daɗe tana jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, har ta zama motar da yaro ke koyon aiki a kanta. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 motoci suka ƙaru, kuma tsofaffin motocin Turai da ake kira Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Kwatano, suka cika tashoshi. Da yawa daga cikinsu an raba bututansu gida biyu a karkace, gaba hagu da baya dama a layi ɗaya, gaba dama da baya hagu a ɗaya layin, don idan layi guda ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. A irin wannan gini nisa ba shi ne kaɗai ma'auni ba, kuma akwai motocin Honda da masu ƙera su suka ce a fara da tayar gaba ta hagu.

Sai kuma na'urar ABS, wadda ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, wadda Mercedes-Benz da Bosch suka fitar a 1978, ta kuma zama ruwan dare a motocin da ke shigowa yanzu. Tana da ƙananan ƙofofi a cikinta inda iska ke maƙalewa, kuma a wasu motocin taka da riƙe ba sa fitar da ita, sai an jona kwamfutar gwaji ta buɗe ƙofofin, na'urar da ba kowane gareji ke da ita ba. Abin damuwa shi ne motar da aka cire wa iska ta hanyar taka da riƙe kawai tana iya barin gareji da birki mai tauri, sai ranar da aka taka shi da gaggawa, shanu sun tsallako titi a hanyar Birnin Kebbi, iskar da ta ɓuya a cikin na'urar ta kuɓuce ta shiga bututu.