Bikin Bukkoki: Yadda Yahudawa Ke Shagalin Kaka

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Batsari, kuma wani ɗan kasuwa daga Safana ya aiko da irinta. Suna so su ji ko Yahudawa suna da bikin kaka, da abin da yake nufi a wurinsu.

To malamai, suna da shi, sunansa Sukkot, wato bukkoki. Yana farawa ne ran 15 ga watansu na Tishri, wanda kan faɗo tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba. A wannan wata suke shiga sabuwar shekara, ran 10 kuma su yi azumin neman gafara na Yom Kippur. Kwana biyar bayan azumin sai a shiga Sukkot, a yi kwana bakwai, a rufe da taro a rana ta takwas.

A zamanin da, sau uku a shekara Attaura ta umarci mazan Bani Isra'ila su yi ziyarar ibada, kuma birnin Ƙudus suke nufa. Ta kaka ita ce ta ƙarshe, bayan an gama tara hatsi da inabi. A cikin kwana bakwai ana yanka bajimai 70, ana kuma ɗebo ruwa daga tafkin Silowam a zuba a wurin yanka domin roƙon damina mai albarka. Kada ku yi mamaki, lokacin da damina ke ɗaukewa a ƙasar Katsina, a lokacin suke jiran saukar tasu. A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu. Tun daga nan yanka ya tsaya, sai addu'a da sauran al'adu suka ci gaba har yau.

Babbar dokar bikin ita ce kowane magidanci ya kafa bukka a fili, ya riƙa cin abinci a ciki, wasu har kwana suke yi. Dole ta kasance da bango a ƙalla ta fuska uku. Rufin kuwa sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke shi, kamar ganyen dabino ko kara, kuma inuwa ta rinjayi rana a ciki. Ba a kafa ta ƙarƙashin bishiya ko rufin gida. In kun tuna 'yar bukkar da ake yi a gona don gadin amfani, to kusan haka take.

Akwai kuma tsirrai huɗu da suke riƙewa wajen addu'a: reshen dabino, da rassa uku na wani tsiro mai ƙamshi, da rassa biyu na wata bishiyar bakin rafi, da wani irin lemo mai kaurin ɓawo da suke kira etrog. Sai su kaɗa su gabas, kudu, yamma, arewa, sama da ƙasa. 'Yan kasuwa sai ku ji: ana noma wannan lemo a Isra'ila da Maroko da kudancin Italiya, kuma wanda ba shi da tabo ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma da bikin ya wuce kasuwarsa ta faɗi.

To, me ya sa mutum zai bar ɗakinsa ya koma bukka daidai lokacin da rumbunsa ya cika? Dalilin shi ne tunawa da shekara 40 da kakanninsu suka yi suna yawo a hamada tare da Annabi Musa bayan sun tsira daga Fir'auna, ba gida ba gona. Malamansu sun yi bayani cewa ranar wadata ce ranar da ɗan Adam ya fi saurin mantuwa, har ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ba shi. Saboda haka dokar ta haɗa da cewa a yi murnar tare da baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu. Wata dokar ma ta hana manomi girbe gefen gonarsa ƙaf, sai ya bar wa mabuƙata.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinku, tunda kun san zakkar amfanin gona da damin da ake kai wa dangi. Kun kuma san yadda hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu suka raba mutanen ƙauyuka da dama na Batsari da Safana da gonakinsu, suka koma zaman gudun hijira. Bukkar Bayahude ta kwana bakwai ce, ya koma ɗakinsa. Wanda aka kora daga ƙauyensa kuwa bai san ranar komawa ba. Duk wanda Allah ya nufa ya kai amfaninsa gida lafiya, ya dubi irin waɗannan bayin Allah kafin ya liƙe bakin rumbu.